E ko A'a: Yadda Kalifoniya Ta Kori Babbar Jojinta da Ƙuri'a

Ranar Talata, 4 ga Nuwamba 1986, mutanen jihar Kalifoniya ta ƙasar Amurka suka fita zaɓen gwamna da na 'yan majalisa. A cikin takardar ƙuri'ar akwai wani sashe da a shekarun baya masu zaɓe da dama ko kallonsa ba sa yi: sunayen alƙalai shida daga cikin bakwai na Kotun Ƙolin jihar, kowanne da tambaya ɗaya tak a gabansa. A bar shi a kujerarsa? E ko a'a. Ba jam'iyya, ba abokin takara. Tun da aka shigo da wannan tsari a 1934 jama'a ba su taɓa ce wa wani alƙalin kotun a'a ba. A ranar nan suka ce wa uku. Wadda ta fi shan kaye ita ce shugabarsu, Babbar Joji Rose Elizabeth Bird, wadda kusan mutum biyu cikin kowane uku suka ce ta tafi.

Shari'a a Amurka gida biyu ce. Alƙalan tarayya shugaban ƙasa ke naɗa su, Majalisar Dattawa ta amince, su zauna har mutuwa ko su ajiye aiki don kansu. Amma kowace jiha tana da nata tsarin mulkin da nata kotunan, kuma a nan ake yin galibin shari'un kisan kai da fashi da haya da diyya. A ƙarni na 19 jihohi da yawa suka koma zaɓen alƙalai kamar yadda ake zaɓen ɗan majalisa. Mississippi ta yi haka a 1832, New York ta bi a 1846. Ba a jima ba illar ta fito fili, domin wanda iyayen jam'iyya suka ba tikiti, su yake yi wa biyayya ko da ya sa rigar alƙalanci. Sai masana shari'a suka nemi tsaka-tsaki: a naɗa alƙali bisa cancanta, daga baya a kai sunansa gaban jama'a shi kaɗai, su tabbatar da shi ko su sauke shi. Kalifoniya ce ta fara aiki da wannan a 1934, kuma cikin masu tura shi har da Earl Warren, wanda a lokacin mai gabatar da ƙara ne a gundumar Alameda, kafin ya zama gwamna, daga baya Alƙalin Alƙalan Amurka. Missouri ta kafa nata a 1940, tana neman raba kotunanta da ubangidan siyasar birnin Kansas, Tom Pendergast. A yau jihohi wajen ashirin ne ke bin wani nau'i na wannan tsari.

A Kalifoniya gwamna ne ke zaɓen mutum, kwamitin mutum uku ya tantance shi: Babban Joji, Antoni Janar, da mafi daɗewa cikin shugabannin kotunan ɗaukaka ƙara. Idan zaɓen gwamna ya zagayo, sai sabon alƙali ya fuskanci jama'a. Cikakken wa'adi shekara 12 ne. Lissafin masu tsarin shi ne, tunda ba shi da abokin hamayya, alƙali ba ya buƙatar kuɗin kamfe, ba ya buƙatar alkawari. Shekara arba'in da wani abu lissafin yana fita daidai.

An haifi Rose Bird ranar 2 ga Nuwamba 1936 kusa da Tucson a jihar Arizona. Tana ƙarama mahaifinta ya rasu, mahaifiyarta ta kwashe 'ya'yanta zuwa New York ta riƙe su da aikin masana'anta. Ta yi digiri a Jami'ar Long Island, ta gama karatun lauya a Berkeley a 1965. Daga nan tarihinta ya cika da "mace ta farko": ta farko da ta yi wa alƙalan Kotun Ƙolin Nevada aikin bincike, ta farko a ofishin lauyoyin gwamnati masu kare waɗanda ba su da kuɗin ɗaukar lauya a gundumar Santa Clara. Shekara takwas ta yi a wannan ofis tana tsayawa gefen wanda ake tuhuma, tana kuma koyarwa a Stanford a ƙarshensu. Wanda ya yi shekara takwas yana ganin yadda ɗan sanda ke karɓar bayani da yadda mai gabatar da ƙara ke lanƙwasa shaida, da wuya ya manta idan ya hau kujera. Abokan gabanta ma ba su manta mata ba.

A 1974 ta shiga kamfen ɗin Jerry Brown, matashin ɗan Demokrat mai neman gwamna, har tuƙa shi a mota ta yi. Da ya ci, ya ba ta ma'aikatar da ke kula da noma, ta zama mace ta farko a majalisar zartarwar jihar. A nan ta tara maƙiyanta na farko, kuma fartanya na cikin dalilai.

Manomin Hausa zai yi mamaki ya ji an hana fartanya da doka, amma a gonakin latas na kwarin Salinas a lokacin ba don noma ya fi kyau ake ba leburori fartanya mai gajeriyar ƙota ba. Leburorin, galibinsu 'yan asalin Meziko, suna wuni a duƙe daga wannan kunya zuwa waccan, kuma mai sa ido daga nesa yana iya gane wanda ya huta, don duk wanda ya miƙe tsaye ba aiki yake yi ba. Bayan mutane ya riƙa lalacewa tun suna da ƙuruciya. Wata ƙungiyar lauyoyi masu taimakon talakawan karkara ta kai ƙara, kuma a 1975, Bird na riƙe da ma'aikatar, aka haramta wannan fartanya a gonakin jihar. Wani lauya mai suna Cruz Reynoso ya taɓa shugabantar ƙungiyar nan. Za mu sake gamuwa da shi. A shekarar dai Bird ta jagoranci rubuta dokar da ta ba ma'aikatan gona 'yancin zaɓen ƙungiyar ƙwadago a asirce, abin da jagoran ma'aikatan gona Cesar Chavez da mutanensa suka daɗe suna nema, wanda dokar tarayya ta 1935 ta tsallake su a kansa. Manyan manoman Kalifoniya, masu kuɗi da dogon hannu a siyasa, suka riƙe abin a zuciya.

A Fabrairun 1977 Babban Joji Donald Wright ya yi ritaya, Brown ya ce Bird yake so. Shekarunta 40, ba ta taɓa zama alƙaliya ko na yini ɗaya ba. A cikin kotun kuwa ga Stanley Mosk, tsohon Antoni Janar da ke zaune tun 1964, wanda kowa ya ɗauka kujerar tasa ce. Bishop Roger Mahony, da ya yi aiki da ita a hukumar ma'aikatan gona, ya rubuta wa kwamitin tantancewa yana sukar halinta, yana cewa mai riƙo ce. Kwamitin ya rabu, biyu da ɗaya. Ƙuri'ar da ta tsallakar da ita ta Antoni Janar Evelle Younger ce, ɗan Rifablikan mai shirin karawa da Brown, wanda ya ba da ita yana cewa ba da son ransa ba.

Ta shiga ofis a Maris ba ta lallashi kowa ba. Ta sayar da doguwar motar alfarmar kotun, ta hana yin taron alƙalai a wuraren shaƙatawa masu tsada, ta zo da nata amintattun, tsofaffin ma'aikata suka ga an ture su gefe, har shugaban gudanarwar kotunan jihar, Ralph Kleps, ya ajiye aiki. Wasu gyare-gyaren sun dace. Sai dai mai zuwa gidan da ba a yi maraba da shi ba, in ya fara da sauya wa mutane wurin zama, ranar da ya nemi mai kare shi ba zai samu da yawa ba.

Zaɓenta na farko ya zo ranar 7 ga Nuwamba 1978. Wani ɗan majalisar dattawan jihar, H. L. Richardson, ya ja tawagar masu cewa tana sassauta wa miyagu, manyan manoma suka buɗe nasu kamfen. Makaminsu wata shari'ar fyaɗe ce, ta Caudillo, inda kotun ta ce raunin da aka yi wa matar bai kai abin da dokar ƙarin hukunci ta kira mummunan rauni na jiki ba. Ba Bird ce ta rubuta hukuncin masu rinjaye ba. Ta ƙara nata bayanin ne, tana cewa laifin abin ƙyama ne amma majalisa ce ta rubuta dokar haka. A talabijin ba a karanta wannan bayani ba.

Da safiyar ranar zaɓen jaridar Los Angeles Times ta fito da labarin cewa kotun ta riga ta yanke hukunci a shari'ar Tanner, wadda za ta raunana dokar ɗaurin dole ga duk wanda ya yi laifi da bindiga, amma an ɓoye shi har a wuce zaɓe. Bird ta sha da ƙyar, da kashi 51.7 cikin ɗari, mafi ƙanƙanta da wani alƙalin kotun ya taɓa samu zuwa lokacin. Ita da kanta ta nemi a yi bincike. A 1979 hukumar ladabtar da alƙalai ta yi zaman sauraro a bainar jama'a, alƙalan Kotun Ƙoli suka riƙa ba da shaida gaban kyamara, ana jin wa ba ya gaisawa da wa, wa ya riƙe fayil ɗin wa. Mosk ya kai ƙara aka mai da zaman na sirri. A ƙarshe hukumar ta ce ba ta tuhumar kowa. Amma mutane sun riga sun leƙa ɗakin, kwarjinin kotun bai dawo yadda yake ba.

A ranar da Bird ta tsallake, a takardar ƙuri'a ɗaya, masu zaɓe sama da kashi 70 cikin ɗari suka amince da ƙudurin Sanata John Briggs na faɗaɗa hukuncin kisa. Wannan rigima ta girmi zuwanta. A 1972 kotun, ƙarƙashin Wright wanda Gwamna Ronald Reagan ya naɗa, ta soke hukuncin kisa a jihar, abin da ya kuɓutar da mutum sama da ɗari daga ɗakin iskar guba, har da Charles Manson da Sirhan Sirhan, wanda ya harbe Robert Kennedy. Kafin shekarar ta ƙare jama'a suka gyara tsarin mulki suka dawo da shi. A 1977 majalisa ta yi sabuwar doka, Brown ya ƙi sa hannu, suka tsallake shi. Wanda ya rubuta dokar nan shi ne George Deukmejian, wanda ya zama Antoni Janar a 1979, gwamna a 1983.

A dokar Kalifoniya duk wanda aka yanke wa kisa, ƙararsa kai-tsaye take wucewa Kotun Ƙoli ko bai nema ba. Shari'u sama da 60 irin wannan suka zo gaban Bird, kuma ba ta amince da kisa a ko ɗaya ba.

Masu kare ta suna da hujjoji na gaske. Ita kaɗai ba ta iya soke komai, sai da ƙuri'a huɗu. Dokar Briggs an rubuta ta cikin gaggawa, cike da ramuka, kuma shari'u da yawa sun faɗi ne a kan tambaya ɗaya, wadda kotun ta amsa a shari'ar Carlos a 1983: in mutum ya mutu a wajen fashi, ba a yanke wa ɗan fashin kisa sai an tabbatar ya yi niyyar kashewa. Sannan soke hukuncin kisa ba buɗe ƙofar kurkuku ba ne, mai da shari'a ake yi a sake. Duk da haka, a ganina, wanda ya ce aƙidarta ba ta shiga ba bai yi wa mai karatu adalci ba. Alƙalan da ke gefenta a yawancin al'amura sun sami shari'un da suka ce babu kuskuren da ya kai a soke. Ita ba ta taɓa samu ba. Alƙalin da amsarsa ɗaya ce sau sittin, ko da kowace amsa da dalilinta, ya ba wa maƙiyansa jimla guda da kowa zai iya haddacewa.

Shari'a ɗaya ta fi kowace ƙona rai. A 1978 wani mutum mai tarihin lalata da yara ya sace yarinya 'yar shekara biyu, ya azabtar da ita, ya kashe ta. Da 'yan sanda suka binciki gidansa sun kwashe littattafan da yake rubuta abin da ke ransa, aka karanta wa masu taya alƙali yanke hukunci. A 1985 Kotun Ƙoli ta tabbatar da laifinsa amma ta soke hukuncin kisan, ta ce takardar izinin binciken ba ta halatta kwashe littattafan ba. Mutumin bai fita ba, kuma da aka sake zama an sake yanke masa kisa. Amma dangin yarinyar sun fito fili suna neman a kori Bird, kuma babu bayanin lauya kan takardar izinin bincike da zai yi nauyin hoton yarinyar nan.

Kafin 1986 an yi yunƙurin yi mata kiranye sau da dama, sa hannun bai cika ba. 'Yan Rifablikan sun ƙara ƙullatar kotun a 1982, da ta bari a yi zaɓe da taswirar mazaɓun da 'yan Demokrat suka zana. Masu ƙudurin rage harajin gidaje na 1978, Howard Jarvis da Paul Gann, ba su yafe mata ba, don ita kaɗai ce a kotun ta ƙi amincewa da wani sashensa. Kamfanonin inshora na da tasu: a 1979 kotun ta ba wanda aka ji wa rauni damar kai ƙarar kamfanin inshorar wanda ya ji masa, in kamfanin ya yi ta jan ƙafa wajen biya. Masu masana'antu na kukan hukunce-hukuncen da suka sauƙaƙa wa ma'aikaci ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba. Da wa'adin da ta gada daga Wright ya zo ƙarshe, duk waɗannan suka haɗu. An tara miliyoyin daloli, wani ɓangare daga ƙananan gudummawar mutanen da aka aika wa wasiƙu gida-gida, wani daga manoma da kamfanoni. Tallace-tallacen kuwa ba su yi zancen inshora ko fartanya ba. Iyayen waɗanda aka kashe suka nuna, saƙon kuma gajere: mai son hukuncin kisa ya jefa a'a uku, ga Bird, ga Reynoso, ga Joseph Grodin.

Waɗannan biyun Brown ne ya naɗa su a 1982, Reynoso kuma shi ne ɗan asalin Meziko na farko a kotun. Dukansu sun taɓa amincewa da hukuncin kisa. Gwamna Deukmejian, da ke neman ta-zarce, ya faɗa a fili cewa zai yaƙe su in ba su ƙara yawan hukuncin kisan da suke tabbatarwa ba. Gwamna ke nan yana gaya wa alƙalai farashin kujerarsu, shari'u na gabansu. Abokin takararsa Tom Bradley, magajin garin Los Angeles, ya ƙi cewa e ko a'a a kan Bird, aka yi ta dukansa da wannan shirun har ranar zaɓe.

A nan raunin tsarin 1934 ya bayyana. Da Bird na da abokin takara, da ta sami wanda za ta tona, ta ce ku duba nasa tarihin. Ba ta da shi. Ana auna ta ne da alƙalin da kowane mai zaɓe ya ƙera a ransa, wanda bai taɓa yin hukuncin da ya ɓata wa kowa rai ba. Ƙa'idar aikinta kuma ta hana ta yin alkawari ko tattauna shari'un da ke gabanta. Ta ƙi bin shawarar ƙwararrun kamfe, ta fito a talabijin tana magana a natse kan 'yancin kotu da wajibcin alƙali ya jure matsin jama'a. Maganar gaskiya ce, amma mai zaɓe ya ji kamar ana ce masa ra'ayinsa ba shi da muhimmanci, alhali shi aka ba ƙuri'ar.

Mosk, wanda shi ma ba ya son hukuncin kisa a ransa amma yakan tabbatar da shi in ya ga doka ta cika, ya yi lamo har kusan rufe rajista, sannan ya ce ba zai kashe komai ba sai kuɗin fom da kan sarki. Ya tsallake cikin sauƙi, ya zauna har rasuwarsa a 2001. Reynoso ya faɗi da a'a wajen kashi 60, Grodin wajen 57.

Deukmejian ya sami kujeru uku a rana ɗaya. Ya ɗaga Malcolm Lucas, tsohon abokin aikinsa a ofishin lauya, ya zama Babban Joji, ya cike sauran. A 1987 sabuwar kotun ta rushe hukuncin Carlos, ta shiga tabbatar da hukuncin kisa ɗaya bayan ɗaya. A 1988 ta rushe hukuncin inshorar nan na 1979, ta kuma taƙaita diyyar da ma'aikacin da aka kora zai iya nema. Waɗannan biyun ba a tambayi masu zaɓe a kansu ba.

Otto Kaus, alƙalin kotun da ya yi ritaya a 1985, ya taɓa kwatanta zaman alƙali mai jiran irin wannan zaɓe da mutumin da ya tarar da kada a bahon wankansa: ya san bai kamata ya shagala da ita ba, amma ta yaya zai daina tunaninta? Ya kuma yarda cewa shi kansa ba zai iya rantsewa zaɓen 1982 bai taɓa ƙuri'arsa a wata babbar shari'a ta shekarar ba. Wasu jihohi sun ɗauki darasin 1986 ta ɓangaren masu kamfe. A 1996 Tennessee ta sauke Mai Shari'a Penny White saboda shari'ar kisa guda ɗaya. A 2010 Iowa ta sauke alƙalai uku, har da Babbar Joji Marsha Ternus, shekara guda bayan hukuncin kotun da ya halatta auren jinsi.

Bird ta bar ofis a Janairun 1987. Ta ɗan yi sharhi a talabijin, sannan ta janye daga idon jama'a, ta zauna a Palo Alto tana jinyar mahaifiyarta. Ta taɓa zuwa aikin sa-kai a wani ofishin lauyoyin talakawa a East Palo Alto, waɗanda ke wurin ba su gane ta ba, suka sa ta aikin kwafar takardu, ita kuma ba ta ce komai ba. Cutar dajin mama da take fama da ita tun 1976 ta yi ajalinta ranar 4 ga Disamba 1999, tana da shekara 63.

Kisan da aka yi wa jama'a alkawari bai zo da sauri ba, don bayan kotun jiha akwai kotunan tarayya. Sai a Afrilun 1992 aka kashe Robert Alton Harris a kurkukun San Quentin, na farko tun 1967. Daga shi zuwa Clarence Ray Allen a Janairun 2006 mutum 13 jihar ta kashe, ba ta sake ba. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya dakatar da aiwatar da hukuncin, fursunoni 737 na jira. Harris da Allen, na farko da na ƙarshe, duka kotun zamanin Bird ce ta tabbatar da hukuncinsu, ba da ƙuri'arta ba: Harris a 1981, Allen ranar 31 ga Disamba 1986, saura 'yan kwanaki alƙalan uku su kwashe kayansu.